Neman Sukolashif na Jami'a: Tun Daga Ajin Farko Ake Ci Ko a Faɗi

Kowace shekara idan jami'o'in ƙasar nan suka koma aiki, akan ga takardu an manna a allon sanarwa na ofishin kula da harkokin ɗalibai, ana kiran masu ƙoƙari su nemi sukolashif. Yawancin 'yan makaranta sukan tsaya su karanta, su kaɗa kai, su wuce, don sun riga sun sa wa ransu cewa abin na 'ya'yan manya ne ko na masu uwa a gindin murhu. Kaɗan ne ke komawa ɗaki su zauna su tattara takardunsu. Cikin kaɗan ɗin nan ma, da dama akan zubar da su tun a zagayen farko saboda abin da bai taka kara ya karya ba.

Maganar ta ƙara nauyi tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, jami'o'in Gwamnatin Tarayya da yawa kuma suka ƙara kuɗin rajista, har da Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri da ta Legas. Uban da a da yakan sayar da buhun masara biyu ya sallami ɗansa, sai ga shi yana lissafin sayar da sa. Yara da yawa sun ajiye karatu a wannan lokaci, cikinsu kuwa har da waɗanda da sun san hanya, ƙwaƙwalwarsu kaɗai ta isa ta biya musu.

Ya kamata a fara rarrabe abubuwa uku da jama'a kan haɗa su a kira su da suna ɗaya. Akwai alawus ɗin da hukumomin sukolashif na jihohi kan bai wa kowane ɗan jiha da ke babbar makaranta, wanda ba ruwansa da ko yaro na ɗaya yake yi ko na ƙarshe. Wannan shi ne abin da aka gada tun zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, sa'ad da hukumar da ke Kaduna ke bin yara tana neman wanda zai tafi Ibadan ko Zariya ko Ingila, don a lokacin masu karatun ne suka yi ƙaranci. Akwai kuma rance, watau na asusun NELFUND da aka buɗe a watan Mayu na 2024. Shi ba a ɗora masa ruwa, amma bashi ne, kuma doka ta ce za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashin mutum shekara biyu bayan ya gama hidimar ƙasa. Na uku shi ne sukolashif na cancanta. Wannan kyauta ce, ba a biya, amma ba a ba da ita sai ga wanda ya nuna da maki cewa ya fi abokan karatunsa. A kansa wannan bayani zai tsaya.

Masu bayarwa

Babbar ƙofa ita ce Hukumar Sukolashif ta Tarayya da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi a Abuja. Tana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati da suka kai aji biyu zuwa sama, kuma ta saba neman maki 4.0 cikin 5.0 daga ɗalibin jami'a kafin ta dubi takardarsa. A shekarar 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar ƙarin rabin abin da ake bayarwa, inda mai digirin farko ya tashi daga Naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara, mai digiri na biyu daga 400,000 zuwa 600,000, mai digiri na uku kuwa daga 500,000 zuwa 750,000.

Sai kamfanoni. Masu haƙar mai sun daɗe a wannan fage. A baya, kamfanin Shell ya shekara da shekaru yana raba tasa kyautar gida biyu, ɗaya ta 'yan yankunan da yake aiki, ɗaya kuma ta cancanta wadda ɗan kowace jiha ke iya nema. Kamfanin TotalEnergies tare da NNPC su ma suna da ta ƙasa baki ɗaya, haka kamfanin iskar gas na NLNG, yayin da masu rijiyar Agbami suka karkata ga masu karatun likita da injiniya. A nan ne 'yan Arewa da yawa kan yi kuskure, su ji an ambaci kamfanin mai su ɗauka abin na mutanen Neja Dalta ne kurum, alhali kuwa wani kason nasu ne idan sun nema. Gidauniyar MTN ita ma tana ɗaukar masu karatun kimiyya da fasaha da suka kai aji uku da maki 3.5, tana kuma da wani kaso dabam na ɗalibai makafi.

Ga wanda ya gama digirin farko yana son ƙaro ilmi, akwai asusun PTDF wanda aka kafa tun 1973 don horar da 'yan ƙasa a fannin mai, wanda ya aika ɗalibai Ingila da Faransa da Jamus da Malesiya. Akwai na ƙasashe renon Ingila da aka soma a 1959, da Chevening na Gwamnatin Birtaniya da aka soma a 1983, wanda shi sai mutum ya yi aiki na shekara biyu. Wasu jihohi ma sun shiga. A 2023 Gwamnatin Jihar Kano ta ba da sanarwar tura ɗalibai 1,001 zuwa Indiya da Yuganda don digiri na biyu, kuma waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya aka nema.

Lissafin da ba a faɗa wa sabon ɗalibi

Abin da duk waɗannan masu bayarwa suka haɗu a kai shi ne matsakaicin maki, wanda a jami'a ake kira CGPA. Yadda ake lissafinsa ba wuya. Wanda ya ci A a kwas yana da maki 5, B maki 4, C maki 3, haka har zuwa F da ba ta da komai. Sai a auna kowane kwas da nauyinsa, a fitar da matsakaici. Daga 4.50 zuwa 5.00 shi ne daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya fito daga makarantar kwana inda ƙararrawa ke tashinsa, ya shigo jami'a ya tarar ba mai tambayarsa ko ya shiga aji. Sau da yawa ma sai zango ya yi nisa yake samun gurbi, ya ƙare makonnin farko yana bin layin rajista da neman makwanci. Ya gama shekarar farko da maki 2.8, ya ce ba komai, ai an wuce, baɗi a gyara. Amma idan nauyin kwasa-kwasan shekarun biyu ɗaya ne, sai ya sami 4.2 a aji biyu kafin matsakaicinsa ya kai 3.5. Idan kuwa 4.0 na Hukumar Tarayya yake hange, lissafi ya nuna yana bukatar 5.2, abin da babu shi a ma'auni. Ke nan ƙofar ta rufe masa a wannan shekara tun bai san akwai ta ba. Yawancin kamfanonin mai kuwa 'yan aji ɗaya da aji biyu suke nema, wanda ya farka a aji uku ya tarar jirgi ya tashi.

Wannan magana ce da ya kamata a ce iyaye da malaman sakandare sun faɗa wa yaro tun kafin ya ɗaure akwatinsa. Ba kasafai ake faɗa ba. Nasihar da aka fi yi masa a ƙofar gida ita ce ya kiyayi abokan banza, wadda gaskiya ce, amma ba ta nuna masa cewa zangon farkon nan yana iya zama kuɗin makarantarsa na shekara uku.

Suna ɗaya, rubutu uku

Bayan maki sai takardu, kuma a nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo, don masu ƙoƙarin ne take ci. Abin da aka saba nema bai wuce takardar samun gurbi ta JAMB da ta jami'a ba, da sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da katin shaidar ɗalibi, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, da lambar NIN, da hoto, da sakamakon jarrabawa mai hatimin jami'a.

Matsalar ita ce a Arewa suna ɗaya yakan fito da fuska uku. Hedimasta ya rubuta Mohammed a firamare, malamin sakandare ya rubuta Muhammad, ma'aikacin katin ɗan ƙasa ya rubuta Muhammadu. A wata takardar an sa sunan uba a ƙarshe, a wata an sa sunan gari, kamar yadda aka saba tun zamanin makarantun midil. Ranar haihuwa ma haka, musamman ga wanda aka haifa a gida aka yi masa takardar rantsuwar shekaru daga baya. A da, akawu yakan duba ya gane mutum ɗaya ne. Yanzu kwamfuta ce ke tacewa kafin ɗan Adam ya gani, ita kuwa ba ta san uzuri ba. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, sunan da ke kan wannan lamba shi ne ya zama ma'auni. Mai hankali yakan jera takardunsa tun a hutun farko, ya gyara abin da ya saɓa, ya yi rantsuwa a kotu inda ake bukata, don gyaran suna ba aikin mako guda ba ne.

Haka nan sakamako mai hatimi da takardar shaida daga shugaban sashe. Wanda ya bari sai saura kwana biyu a rufe, yakan tarar malamin ya yi tafiya, ko ya tarar da layin mutum ɗari a gabansa. Ranar ƙarshe kuma ita ce ranar da shafin intanet ɗin kan cushe.

Wanda ya tsallake wannan sai a kira shi jarrabawar gwaji a kwamfuta. Tambayoyin ba su cika taɓa abin da yake karantawa a jami'a ba. Turanci ne da lissafi da auna kaifin tunani, a ƙayyadadden lokaci, har akan ga mai daraja ta ɗaya ya faɗi don bai saba da saurin ba. Gayyatar kuwa ta imel take zuwa ko ta saƙon waya. Ɗalibin da mai shagon intanet ya cike wa fom da adireshin shagon, ba zai taɓa ganinta ba.

Masu neman digiri na biyu suna da ƙarin aiki, watau rubuta bayanin dalilin da ya sa suke son kwas ɗin, sannan intabiyu. A nan tarbiyya kan zama cikas. An horar da ɗan Bahaushe kada ya yabi kansa, ya sunkuyar da kai gaban manya, ya amsa da gajeriyar magana. Masu intabiyu kuwa so suke su ji abin da mutum ya yi da abin da zai yi in ya dawo. Faɗin aikin da ka yi a inda aka tambaye ka ba alfahari ba ne. Wasu kuma sukan cika bayaninsu da labarin talauci da maraici, alhali hukumar ƙwazo ta ce tana nema, wasu su kwafo na wani, wanda masu dubawa sun riga sun karanta sau goma.

Samu ba shi ne ƙarshe ba

Akwai darasi a abin da ya sami ɗaliban yarjejeniyar ilmi ta BEA, waɗanda Gwamnatin Tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangare da wasu ƙasashe. Ƙasashen ne ke ɗaukar kuɗin makaranta, Nijeriya kuma ta biya na abinci. Kuɗin ya yi ta makara wata da watanni, a 2024 kuma aka rage shi daga Dala 500 a wata zuwa Dala 220. A 2025 gwamnati ta ce ta dakatar da tura sababbi har shekara biyar. Iyayen da suka ɗauka sun huta sai ga su suna aika kuɗi da tsadar canji. Don haka kafin uba ya sa hannu ɗansa ya ƙetare, ya kamata ya tambayi wa ke biyan makaranta, wa ke biyan masauki, wa ke biyan jirgi, kuma yaya waɗanda suka riga shi tafiya suke ciki.

'Yan damfara ma sun gano wannan kasuwa. Sukan buɗe shafi mai kama da na hukuma, su yaɗa ta WhatsApp, su ce a biya kuɗin fom ko kuɗin tabbatar da suna. Hukumar Tarayya da PTDF da kamfanonin nan ba sa sayar da fom. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko ya ce yana da wani a ciki, to aljihu yake nema.

Wanda Allah ya ba shi kuma ya karanta sharuɗɗan da kyau. Yawancin kamfanoni ba sa yarda mutum ya haɗa kyautarsu da ta wani, idan suka gano sai su soke. Sannan kowace shekara sukan nemi a aiko da sabon sakamako mai hatimi kafin su sake biya, wanda makinsa ya sauka ƙasa da abin da aka ƙayyade sai a tsayar da kuɗinsa a wannan shekarar.