Tsakiyar Abuja Na Neman Jama'a, Jama'ar Kuwa Na Karmo

A watan Yunin 2025 an yi ta yanke ƙyallen buɗe ayyuka a Abuja: sabbin tituna, tashoshin mota na Mabushi da Kugbo, ga kuma Babban Zauren Taro na Ƙasa da Ƙasa da aka kashe wa naira biliyan 39 aka sauya masa suna zuwa na Shugaba Tinubu. Tun daga nan nake jin masu sharhi suna cewa tsakiyar birnin za ta cika da baƙi, ta yi armashi kamar manyan biranen duniya. Ayyukan Ministan Abuja Wike ba abin rainawa ba ne. Amma mai zaton kwalta da fitilu ne za su tara mutane bai gane ciwon ba.

A je Sakatariyar Tarayya da ƙarfe biyar na yammacin Juma'a. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a bakin titi, kowa na ɗaga hannu yana neman motar Nyanya, Kubwa, Lugbe ko Karmo. Kafin a yi sallar isha'i wurin ya yi tsit, sai masu gadi a kan benci da rediyonsu. Ranar Asabar kuwa kana iya shimfiɗa tabarma a wasu titunan ka yi barcinka. Da Sallah ko Kirsimeti ba a magana.

Yadda ake jawo jama'a cikin gari ba wani asiri ba ne: gidajen da mai matsakaicin albashi zai iya kamawa, abin hawa mai araha har dare, wurin cin abinci da ciniki a bakin hanya, inuwa, da tsaro. Kowane ɗalibin tsara birane ya san wannan. Abin da ba a son faɗa shi ne, Abuja ta taɓa samun mutanen, ta kore su da hannunta.

Dokar da ta kafa birnin ta fito ne a watan Fabrairun 1976 zamanin Janar Murtala, aka kammala taswirarsa a 1979, wani gwanin zane ɗan Japan mai suna Kenzo Tange ya tsara tsakiyarsa, gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. An zana wa ma'aikatu wuri, an zana wa jakadu wuri. Birkila da kafinta da direba da mai shara da suka zo gina birnin kuwa, sai suka raɓa a ƙauyukan Gbagyi da suka tarar, suka sayi 'yan filaye a hannun dagatai, suka kafa ɗakuna. Haka Karmo da Idu suka tumbatsa. A 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke minista, katafila ta shiga Idu-Karmo da sunan maido da taswirar asali. Wata ƙungiyar kare haƙƙin muhalli da ke da mazauni a Jeniba a lokacin, COHRE, ta ƙiyasta cewa rusau ɗin 2003 zuwa 2007 ya raba mutum kusan 800,000 da matsugunansu a faɗin birnin tarayya. Ko da an yi gardama kan adadin, babu mai gardama kan inda suka nufa: Mararaba, Masaka, Suleja, Zuba, wato can nesa. A 2006 ɗin ne kuma aka hana acaɓa shiga cikin gari, a 2013 aka bi da ƙananan bas-bas da ake kira araba. An tsare gida, an tsare hanya, sannan a dawo ana mamakin rashin baƙi.

Ba mu ne farau ba. Brasiliya, babban birnin Barazil da aka ƙaddamar a 1960, ta kwashe leburorin da suka gina ta zuwa bayan gari, har ɗaya daga garuruwan, Ceilândia, ya samo sunansa daga hukumar da aka kafa don kawar da 'yan kama-wuri-zauna. Yau ya fi ainihin tsakiyar birnin yawan jama'a.

Abin takaicin shi ne, ba sai mun je Barazil neman darasi ba. Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake kafa gari. A ƙarni na 15 Sarki Muhammadu Rumfa ya gina fadarsa a Kano ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a cikin birni, ba a bayan ganuwa ba. Fada, masallacin Juma'a da kasuwa duk tafiyar ƙafa ce tsakaninsu, unguwanni kuma suka kewaye su, kowace da sana'arta: Soron Ɗinki, Dukawa, Takalmawa, ga marina a Ƙofar Mata. Fatake daga Agadas da Gadamas suna sauka a gidan fatoma, ya ba su masauki, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu a ciniki. Attajiri da ɗan dako a lungu ɗaya suke kwana. Shekara fiye da 500 ke nan, har gobe ba a taɓa kiran taro don neman hanyar da za a kawo mutane Kurmi ba. Katsina da Zariya ma a kan wannan tsari suke. Wannan gadon ne masu tsara biranenmu suka tsallake, kamar abin kunya ne a ce an koya daga gida.

Kuma ga shi nan yana aiki a Karmo, ba tare da kasafin kowa ba. Ranar Talata ko Juma'a, ka bi hanyar da ta taso daga Life Camp, ka wuce kasuwar kifi ta Kado, tun kafin ka iso za ka tarar da cunkoso. Mai gwanjo ya sa wuƙa ya yanke igiyar dila, kayan suka baje, mata suka rufa a kai kowace na neman zaɓin farko. A cikinsu akwai waɗanda suka ajiye manyan motoci a gefen kwata, daga Maitama da Wuse suka zo, sun sa silifas don kada a gane su a tsawwala musu kuɗi. Gefe ga mai masara tana fifita garwashi, ga yaro da baro yana “hanya, hanya”. Babu shimfiɗaɗɗen titi a ciki, da damina sai ka naɗe wando. Amma baƙin da ake nema a tsakiyar gari, ga su nan sun kawo kansu.

To me ya hana a buɗe musu ƙofa? Filayen ajiye motoci na ma'aikatu suna zaune fayau daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin. A ba masu tsire da kilishi da masu ɗinki da 'yan gwanjo rumfunan wucin gadi a kuɗi kaɗan, maimakon motar jami'an tsafta ta riƙa fafararsu tana kwashe tire. Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, yana da babbar tasha a Idu, maƙwabciyar Karmo. A sa motocin da za su riƙa kai mutane tashar, jirgin kuma ya kai dare, don mai tsoron faɗawa motar 'yan fashin “wan cans” ba zai tsaya yawon shan iska bayan magariba ba. Gidaje kuwa, kada wani jami'i ya ce mana babu. Manyan gidaje nawa ne a Asokoro da Maitama babu kowa ciki sai maigadi da ƙadangaru? A sa musu harajin zaman banza mu gani. A Disambar 2024 kotu ta ƙwace rukunin gidaje 753 a Lokogoma a shari'a ɗaya tak ta hukumar EFCC.

Hasumiyar Millennium da aka fara ginawa a 2006, shekarar rusau ɗin Idu-Karmo, an yi ta ne don masu yawon buɗe ido su hau su hango birni. Tana nan tsaye kusa da Babban Masallacin Ƙasa, har yau ba a buɗe ta ba.