Tawadar cike a injin buga hoto: araha da abin da ke bayanta

A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, ba a rasa ɗan shagon da za a ɗauki mutum hoto a buga masa shi nan take. Haka kuma biro-biro da lekol-lekol da gidajen ma'aikata da yawa suna da ƙaramin inji mai fesa tawada bisa takarda. Sayen injin ba shi da wuya ƙwarai, ciyar da shi ne aiki. Kamfanonin da ke ƙera shi suna sayar da shi da sauƙi, sa'an nan su nemi ribarsu a wajen kartush, wato ƴar battar tawadar da ake sa masa, wadda galibi abin da ke cikinta bai wuce cokalin shayi biyu ko uku ba.

Don haka ne jama'a suka koma ga tawadar kwalba ta wasu kamfanoni dabam, wadda ake zuƙa da sirinji a ɗura cikin tsohuwar kartush. Saukin kuɗin a fili yake. Abin da ba ya fili shi ne abin da zai sami hoton da injin bayan an kwana biyu.

Yadda injin yake aiki

Kan injin yana da ƙananan ƙofofi ɗaruruwa, kowace ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ta nan tawada ke fita ɗigo-ɗigo. Hanya biyu ce ake tura ta. A yawancin injunan Canon da HP, wani ɗan ƙarfe ne ke zafafa tawadar farat ɗaya, ta yi kumfa, kumfar ta turo ɗigon waje. HP ta fito da irin wannan inji a 1984, Canon kuwa a 1985. A injunan Epson ba a zafafa ta: wani ɗan sinadari ne ke lanƙwashewa in lantarki ya taɓa shi, ya matso ɗigon.

Ke nan kowane kai da irin tawadar da aka auna masa, wajen kauri da wajen saurin bushewa. In ta yi kauri, ƙofofin su toshe, hoto ya fito da zane-zane. In ta yi ruwa-ruwa, ta riƙa yoyo. A kan da ke aiki da zafi, tawadar ce ke sanyaya ƙarfen. Wanda ya ci gaba da bugu bayan kartush ta ƙafe, zai iya ƙone kan baki ɗaya.

Tawada iri biyu ce

Ta fari kamar galura take: launin yana narkewa sarai cikin ruwa. Tana ba da hoto mai sheƙi da kyan gani, amma hasken rana da iska suna cin ta. Ta biyu ta yi kama da tawadar malamai ta gawayi da ƙaro: launin ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo cikin ruwa ba su narke ba. Ita ta fi jure rana da danshi, amma ta fi saurin toshe kai in inji ya daɗe a ajiye. Haɗa su biyun cikin kartush ɗaya kan sa su daskare.

Injin gida yana aiki da launi huɗu: baƙi, da rawaya, da shuɗi mai haske, da ja mai garura. Na masu hoto kan kai shida. Launukan nan ba su koɗewa tare. In ɗaya ya riga sauran gudu, sai a ga fuskar mutum ta koma ɗorawa ko kore, alhali ranar da aka buga hoton ba shi da aibi ko kaɗan.

A jihar Ayowa ta Amurka akwai gidan binciken Wilhelm Imaging Research, inda ake haska hotuna da fitila mai ƙarfi don a auna tsawon ransu. Gwaje-gwajen da aka yi can sun nuna cewa hoton da aka buga da tawada da takardar kamfanin injin yana iya yin shekaru gommai a bango, na wasu tawadun araha kuwa ƴan shekaru kaɗan, wani ma ƙasa da haka. Wannan bai nuna duk tawadar cike banza ce ba. Akwai mai kyau, akwai ta ha'inci, kuma kwalba ba ta faɗin abin da ke cikinta.

Kokawar kamfanoni da masu cikawa

Kamfanonin ba su zura ido ba. Sun liƙa wa kartush wani ɗan guntun lantarki mai ƙidayar tawada, wanda ke sa inji ya ce ta ƙare ko da an sake cika ta. A watan Satumba na 2016, injunan HP masu yawa suka ƙi karɓar kartush ɗin da ba na kamfanin ba, saboda wani umurni da aka sa cikin ƙwaƙwalwarsu. Jama'a suka yi ca, har kamfanin ya nemi ahuwa, amma bai bar dabarar ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lexmark da wani ƙaramin kamfanin masu cikawa, ta ce wanda ya sayar da kartush ba shi da sauran ikon hana a sake cika ta da sunan haƙƙin ƙira. A Faransa kuwa, dokar 2015 ta haramta gajarta ran kaya da gangan, kuma a 2017 aka buɗe bincike kan Epson bisa ƙarar wata ƙungiyar masu saye.

Talakawa ne suka nuna wa kamfanonin hanya. A ƙasashen Asiya masu gyara sun daɗe suna rataya wa inji tankuna daga waje, su ja tawada da ƴan siraran tiyo. Ganin haka, a 2010 Epson ta fito da inji mai tankin kansa a ƙasar Indunusiya, daga baya Canon da HP suka bi sahu. Irin wannan inji ya fi tsada ranar saye, amma tawadarsa ta asali a kwalba take zuwa, misali mai mililita 70, kuma tazarar kuɗinta da ta araha ta ragu ƙwarai.

Zafi da ƙura

A ƙasar Nijar akwai ƙarin abokan gaba biyu. Zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, yana busar da tawada a bakin ƙofofi, ƙurar hunturu kuma ta liƙe a kansu. Duk lokacin da inji ya wanke kansa, tawada yake sha, ya zubar cikin wani soso da ke ƙasansa. Ranar da ya ƙidaya soson ya cika, sai ya tsaya cik sai an kai shi wurin mai gyara. Tawadar da ke yawan toshe kai, ashe, tana cinye rabon arahar da aka samu da ita.

Abin da ya kamata a kiyaye

Mai inji ya fara tambayar kansa: wannan takarda kwana nawa ake so ta yi? Sanarwar taro, da jarrabawar ƴan lekol, da takardar gayyatar suna, aikinsu na ƴan kwanaki ne, tawadar cike ta wadatar. Hoton aure, da na mahaifan da suka tsufa, da wanda za a liƙa cikin takardun aikin ma'aikaci, waɗannan na shekaru ne, sun cancanci tawada da takarda ta asali.

Wanda ya zaɓi cikawa ya tsaya ga iri ɗaya da mai sayarwa ɗaya, kada ya gauraya. Ya cika tun kartush ba ta ƙafe ba. Ya buga ko shafi ɗaya mai launi kowane mako, ya kashe injin da maɓallinsa don kan ya koma mazauninsa ya rufe, sa'an nan ya lulluɓe shi da zane. Kafin ya amince da sabuwar tawada, ya buga hoto ɗaya sau biyu, ya sa ɗaya bakin taga, ɗaya cikin littafi, bayan wata guda ya gwama su. Ya kuma sani cewa garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar da baƙuwar tawada ta yi.

Masu shagon hoto kuwa amana ce a hannunsu, gama mai saye ba ya iya gane bambancin ranar da ya biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Gaskiyar mai sana'a ita ce ya faɗi irin tawadar da ya sa, ya sa wa kowace kuɗinta, ya bar mai hoto ya zaɓa.