Nima: Kuɗin Fatake Sun Koma Waya, Ɓarayi Ma Sun Bi Su

Duk ɗan kasuwar da ya taso daga Aflao ko Paga ko Bawku ya nufo Akra, babban birnin Gana, da wuya ya koma gida bai taka Nima ba. A nan ne masauki yake, a nan ne ake jin Hausa kamar ana Kano ko Maraɗi, a nan ne kuma Kasuwan Mamudu take, wadda ke cika maƙil kowace Laraba da hatsi da wake da kayan yaji da awaki. To sai dai cunkoson da ke kawo ciniki, shi ne kuma yake kawo ɓata-gari.

Idan aka ambaci tsaro a Nima, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne faɗan da ƙungiyoyin matasa biyu suka gwabza a watan Janairun 2022, inda aka fito da bindigogi da adduna da rana tsaka, har 'yan sanda suka kama wasu. Amma asarar da ta fi samun baƙon ɗan kasuwa ba ta zuwa da ƙarar bindiga. Cikin lalama take zuwa, kuma sau da yawa mai dukiyar ne yake buɗe mata ƙofa da bakinsa ko da yatsansa.

Kafin shekarar 2007, wanda ya sayar da motar albasa a jaka yake ɗaukar kuɗinsa, saboda yawan takardun tsohon sidi. A watan Yulin wannan shekara aka sauya kuɗi, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1. Bayan haka, a 2009, kamfanin MTN ya fito da MoMo, wato ajiya da aika kuɗi ta waya. Nauyin jaka ya ragu, haɗarin hanya ma ya ragu, amma ɓarayi ba su yi ritaya ba, sana'ar kawai suka sauya.

Hanyar da suka fi bi ita ce saƙon ƙarya. Za a turo maka rubutu mai kama da na kamfani cewa kuɗi sun shigo, sannan wani ya kira yana marairaicewa, wai ya yi kuskuren lamba, ka taimaka ka mayar masa. Wanda ya mayar ba tare da ya duba ajiyarsa ba, kuɗinsa ya aika. Maganin abin shi ne a latsa *170# a ga abin da ke ciki da ido. Haka nan idan mai saye ya nuna maka saƙo a wayarsa cewa ya biya, kada ka saki kaya sai ka ga kuɗin a taka wayar.

Wasu kuma kan kira su ce su ma'aikatan kamfani ne, za a rufe maka layi ko ka ci wata kyauta, sai su turo buƙatar cire kuɗi su ce ka sa lambar sirri. Da ka sa, shi ke nan. Babu ma'aikacin kirki da zai tambaye ka lambar sirri. Kada kuma ka miƙa wa yaron shago ko mai rumfar MoMo waya ya latsa maka ita, ko ka zaɓi shekarar haihuwarka, domin ita ɓarawo zai fara gwadawa.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar 'yan'uwanmu da ke shigowa daga Nijar da Najeriya da Togo. Tun daga 2021 aka fara haɗa layukan waya da katin shaida na Ghana Card, sai wasu baƙi suka riƙa amfani da layin da wani ya yi wa rajista da sunansa. A wurin kamfani, mai sunan shi ne mai kuɗin. Ranar da layi ya ɓace ko zumunci ya lalace, jarin mutum yana hannun wani. Gara a je ofishin kamfani da takardun shaida a yi rajista da sunan kai.

Batun canji ma abin lura ne. Dokar canjin kuɗi ta 2006 ta hana wannan sana'a sai da lasisin Babban Bankin Gana. Wanda ya tsaya a bakin titi ya canza sefa ko naira saboda ƙarin 'yan kwabbai, idan aka cusa masa jabu ko aka zare masa wasu takardu wajen ƙirga, da wane baki zai kai ƙara? Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Haka sayen waya mai araha a hannun wanda ba shi da rumfa a wajen Sakul, domin karɓar kayan sata laifi ne a dokar manyan laifuffuka ta 1960.

A kan titi kuwa, ƙananan halaye ne ke tsare mutum. Kada a riƙe waya kusa da tagar trotro idan motoci sun cunkushe, masu babur na fizgewa. Kada a ƙirga kuɗi a bainar jama'a, a kuma raba su gida biyu ko uku. Baƙo ya guji ratsa lungunan da bai sani ba bayan sallar isha'i. Uwa-uba a kama baki: faɗin nawa aka yi ciniki da ranar da za a kama hanya a teburin mai shayi, shi ne gayyatar 'yan fashi. Baki shi ke yanka wuya.

Iyayenmu fataken goro da shanu suna da tsarin da ya kamata a riƙe, wato mai gida. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalin da ya sani, ya tsaya masa idan an ci bashi. Tun da aka tashi kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, zirga-zirga ta ƙaru, buƙatar sanannen mutum a gari ma ta ƙaru. Wanda ba shi da mai gida, ya gabatar da kansa ga shugabannin ƙungiyar sana'arsa ko sarkin ƙabilarsa a zango.

Idan tsautsayi ya faɗa, a hanzarta. Lambobin 'yan sanda su ne 191 da 18555, ta agajin gaggawa 112, sannan 292 ta hukumar tsaron intanet ce ga wanda aka damfara ta waya. A kira kamfani nan take a toshe layi, a kuma je ofishin 'yan sanda na Nima a rubuta ƙara. Idan an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma. Mutanen Gana ba su manta da Manjo Maxwell Mahama ba, sojan da jama'a suka kashe a Denkyira-Obuasi a 2017 bisa zaton ɗan fashi ne, kuma a 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai-da-rai a kan haka.

Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya, amin.