Mi ya sa ƙaramin likita ke hushi?

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, gidajen likita na Agye, Gazawa da Gidan Runji cike suke maƙil. Lokacin ne sauro ke yawa, hatsi kuma ya ƙare cikin rumbu. Masassara da tamowa su taru a kan yara. Uwa ta taso daga ƙauyen Cadawa bisa amalanke, ta yini cikin layi. In ta kai gaban likita, sai ya daka mata tsawa, ko ya rubuta magani bai ko dubi yaron da kyau ba. Ta koma gida tana cewa ba shi da tarbiyya.

Wani lokaci gaskiyarta. Amma sau da yawa gajiya ce ta cinye shi.

Ƙaramin likita shi ne wanda bai daɗe da gama karatu ba. Shi ake bar ma aikin dare. Ya kwana tsaye wajen ƙarin jini da ƙarin ruwa, gari ya waye kuma ba mai canjinsa. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Abin ya taimaki talakawa ƙwarai, yara suka ƙaru. Sai dai kuɗin da ake maida ma gidajen likita sun sha yin jinkiri. Magani ya yanke, uwaye su ga laihin wanda ke gabansu.

A 2019 Hukumar Lahiya ta Duniya ta bayyana irin wagga gajiya ta wurin aiki. Alamunta 3 ne. Ƙarhi ya ƙare. Zuciya ta bushe, mutum ya daina jin tausai. Aiki kuma ya lalace. Daga nan ake samun zagi, da mantuwa, da kuskuren awon magani. Ko san noma, in aka hana shi hutu, kwanciya yake cikin kuyya.

Gajiya ba ta halatta wulaƙanci ba, balle karɓar kuɗin da doka ba ta ce ba. Wanda aka yi ma haka na iya kai kuka ga kwamitin kula da gidan likita, inda wakilan gari ke zaune, ko ga babban likitan gunduma. Shi ke da ikon tsara hutun ma'aikata.

Iyaye ma na iya rage cunkoso. Tun 2013 aka soma raba maganin rigakahin masassara ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata cikin damina. Kowane zagaye kwana 3 ake sha. Yaron da jikinsa ya yi zahi, a kai shi ran nan da sahe, tun bai kai ga suma ba.