Kurkum da Sankarar Mama: Abin da Aka Gani a Ɗakin Gwaji

Yau kan kurkum za mu tsaya, wanda wasu ke kira gangamau, da maganar da ke yawo a wayoyi cewa wai yana kashe sankarar mama.

Sinadarin da ke ba shi launin ɗorawa shi ne kurkumin, kuma bai fi kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba. Tun 1815 masana kimiyya Vogel da Pelletier suka tace shi a Faransa.

To amma a kan me ake gwada shi? A 1970, a birnin Detroit na Amurka, likitoci suka zuƙe ruwa daga ƙirjin wata sista ta cocin Katolika mai shekara 69, wadda sankarar mama ta bazu a jikinta. Wani mai bincike, Herbert Soule, ya raini ƙwayoyin sankarar da ke cikin ruwan a farantin gwaji, suka yi ta hayayyafa. Baiwar Allah ta rasu, ƙwayoyin ba su mutu ba. Har gobe suna nan a ɗakunan bincike na duniya, sunansu MCF-7. Yawancin labarin da kuke ji, daga faranti irin wannan ya fito. Faranti, jama'a, ba jikin mace ba.

Me ake gani idan an zuba musu kurkumin? A cikin ƙwayar akwai wani furotin, NF-kappa-B, da ke ɗaure kamar rago a turke. A sankara sau da yawa igiyar kan tsinke, ya shige cibiyar ƙwayar ya yi ta ba da umarnin a rayu, a ƙaru, kada a mutu. Kurkumin yana hana tsinke igiyar. Sai furotin Bcl-2, mai kare ƙwayar daga mutuwa, ya ragu, kishiyarsa Bax ya ƙaru, ƙwayar ta rushe kanta da kanta. Cyclin D1 mai tura ta ta rabu biyu ya ja baya, haka ma MMP-9 da take huda nama da shi idan za ta bazu. An ga haka har a nau'in sankarar nan mai taurin kai da ba ya jin maganin homon, wanda ya yi yawa a matan Afirka ta Yamma.

Abin da daɗin ji. Sai dai hanji ba ya tsotse kurkumin sosai, ɗan da ya shiga kuma hanta ta yi waje da shi. An taɓa ba mutane har giram 12 a tashi ɗaya, da ƙyar aka ga ɓurɓushinsa a jini. A 2017 Kathryn Nelson da abokan aikinta suka nuna cewa sinadarin ya iya yaudarar na'urar gwaji, kuma cikin gwaje-gwaje sama da 120 da aka yi a kan mutane, ba su sami ingantacce guda da ya tabbatar da magani ne ba. Shi kuwa masanin nan Bharat Aggarwal, wanda bincikensa na 1995 ya fito da zancen NF-kappa-B, mujallu sun janye takardunsa da dama saboda matsalar hotuna.

Lokaci na hararar mu, amma wannan kada ya wuce ku. A Rotterdam ta ƙasar Holan, a wani bincike da aka buga a 2019, an ba matan da ke shan maganin sankarar mama na tamoxifen ƙwayoyin kurkumin, sai ƙarfin maganin a jininsu ya ragu, ya ƙara raguwa da aka haɗa da sinadarin masoro. Hajiya, kurkum na cikin miya ba shi muke nufi ba. Amma in kina shan tamoxifen, kafin ki sayi na kwalba, ki tambayi likitanki.