SABON MAI KOYAR DA ƘWALLO YA ZO DA KAYANSA
Yadda aka yi wa 'yan wasan Jami'ar Kolorado shara

Ran 3 ga watan Disamba na 1922 ba a san da labarin ba, amma ran 3 ga watan Disamba na 2022 babu gidan rediyo ko telebijin a Amurka da bai ambaci Jami'ar Kolorado ba, domin a ranar ce jami'ar, wadda ke garin Boulder, ta ba da sanarwar ɗaukar Mista Deion Sanders ya zama babban mai koyar da ƙungiyarta ta ƙwallo. Aka yi ta murna. To, amma kafin wata tara ya cika, kusan dukan yaran da ya tarar a ƙungiyar sun kama gabansu, waɗansu don ra'ayin kansu, waɗansu kuwa nuna musu hanya aka yi.

Kada mai karatu ya zaci irin tamaular da aka saba gani a filayenmu ake nufi. Ƙwallon Amurka mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta ana jefawa, ana gudu ana ka da juna, mutum goma sha ɗaya a kowane gefe. A can jami'o'i ne ke renon 'yan wasa, kuma a lokacin doka ta yarda kowace babbar jami'a ta ba yara 85 sukolashif saboda ƙwallo, watau karatu da ci da kwana kyauta. Saboda haka ga ɗan talaka, gurbi a ƙungiya shi ne hanyar digiri, shi ne kuma hanyar shiga ƙungiyoyin ƙwararru inda ake ɗibar kuɗi.

Ita Kolorado tana da tsohon suna, don ta taɓa zama zakara a ƙasar a 1990. Amma daga baya ta lalace, har a 2022 wasa ɗaya tak ta ci, aka cinye ta 11, aka kuma kori mai koyarwarta, Karl Dorrell, tun kaka ba ta yi nisa ba. Shi kuwa Sanders, baƙar fata ne wanda ya yi fice ƙwarai a zamanin da yake wasa, ya ɗauki babban kofin ƙwararru sau biyu, ga shi da baki, ga son ado. Shekara uku ya yi yana koyarwa a Jami'ar Jackson State ta baƙar fata a Jihar Misisipi, inda ya ci wasa 27 aka cinye shi 6.

Jami'ar ta yi masa alkawarin dala miliyan 29 da rabi cikin shekara biyar. Abin dariya, shi kansa shugaban sashen wasanni, Mista Rick George, ya faɗa wa manema labarai cewa kuɗin ba su zo hannu ba tukuna, amma ya tabbata za su samu. Watau sunan mutumin aka saya, ana sa ran sunan zai biya kuɗin kansa.

Ranar da Sanders ya fara ganawa da yaran, bai ɓoye musu kome ba. Ya ce musu yana tafe da kayansa, kuma kayan masu tsada ne, saboda haka wanda ya ga ba zai iya ba gara ya nemi wata makaranta tun da wuri. Kayan da yake nufi su ne yaransa na Jackson State, musamman ɗansa Shedeur, mai jefa ƙwallo kuma madugun 'yan kai hari, da wani yaro mai suna Travis Hunter, wanda ke wasa a ɓangaren kai hari da na tsaron gida duka. An ɗauki hoton wannan ganawa an watsa a intanet, duniya ta ga yaran suna zaune tsit ana gaya musu ba a bukatarsu.

A dā ba zai iya yin haka ba. Yaron da ya canja jami'a sai ya yi shekara guda yana zaman jira kafin ya buga wasa. A 2021 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta soke wannan sharaɗi ga mai canji na farko, a 2022 kuma ta ɗage dokar da ta hana ɗaukar sababbin yara fiye da 25 a shekara. Bugu da ƙari akwai wata ƙa'ida da ta ba sabon mai koyarwa dama ya cire yaro daga ƙungiya, muddin dai jami'a za ta ci gaba da biya masa karatu. Wajen sallamar yaran Sanders bai karya doka ba, sai dai ya yi amfani da ita fiye da yadda kowa ya taɓa yi.

A watan Afrilu na 2023 mutum fiye da 47,000 suka biya kuɗi suka shiga kallon wasan gwaji na 'yan ƙungiyar su ya su, alhali a shekarar da ta gabata, da ake shiga kyauta, 'yan kallon ba su kai 2,000 ba. Kwana kaɗan bayan wannan biki sai aka ga yara suna ta ficewa rututu. Da aka fara kaka, sababbin 'yan wasa 86 ne a ƙungiyar, masu sukolashif na 2022 kuwa goma kacal suka rage. Waɗansu daga cikin waɗanda suka tafi sun sami wuri a manyan jami'o'i, da yawa sun gangara ƙanana. Wanda ya zaɓi ya zauna ya gama karatu, to, ya ajiye ƙwallo ke nan. Mai koyarwa na Jami'ar Pittsburgh, Pat Narduzzi, ya fito fili ya soki abin. Magoya bayan Sanders suka ce ai ƙungiyar da aka cinye sau 11 ba ta da abin da za a yi tattali.

Da farko kamar gaskiyarsu. Ran 2 ga Satumba suka je gidan TCU, wadda ta zo ta biyu a ƙasar a kakar da ta wuce, suka doke ta da ci 45 da 42. Suka ci Nebraska, suka ci Colorado State. Mawaƙa da taurarin silima suka riƙa tururuwa zuwa Boulder, tikitin wasanninsu na gida guda shida duk ya ƙare.

Daga nan sai Oregon ta lallasa su 42 da 6. A wasansu da Stanford har sun kai 29 da nema, amma aka juyo aka cinye su. Kaka ta ƙare sun ci 4 an cinye su 8, su ne na ƙarshe a rukuninsu. Masana wasan ba su yi mamaki ba. A gaban mai jefa ƙwallo akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne su kare shi, kuma wannan aiki sai da sabo, kowa ya san motsin na kusa da shi. Mai gudu ko mai cafe ƙwallo ana iya ɗauko shi yau ya yi amfani gobe, amma baƙi biyar da suka haɗu jiya ba sa zama katanga. Sau 52 aka ka da Shedeur kafin ya jefa ƙwallo a wannan kaka, har wasan ƙarshe bai buga ba saboda rauni a baya.

Sanders ya sāke ƙartin, ya kuma ɗauko waɗansu daga waje. A 2024 abin ya yi kyau, suka ci 9 aka cinye su 4, Hunter kuma ya sami lambar Heisman da ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Jami'ar ta ji daɗi, a watan Maris na 2025 ta sabunta yarjejeniya da shi a kan dala miliyan 54 na shekara biyar.

Sai dai kayan da ya zo da su ba na zama ba ne. A watan Afrilu na 2025 Hunter ya tafi ƙungiyar ƙwararru ta Jacksonville, Shedeur ya tafi Cleveland. Shi kansa Sanders ya yi fama da ciwon daji a mafitsara har aka yi masa aiki, ya dawo ya sāke tara baƙin yara. A kakar 2025 Kolorado ta ci wasa 3, aka cinye ta 9.