Dogon da ya tsaya a Ƙauran Namoda da makomar ƙasar Zuru

Duk wanda ya dubi taswirar layin dogo ta Nijeriya zai ga faffaɗan yanki a arewa maso yamma wanda jirgin ƙasa bai taɓa ratsawa ba. Jihar Kebbi na cikinsa, haka ma Sakkwato. Mutumin Zuru da ke neman tashar jirgi sai ya bi ta Rijau da Kwantagora ya gangara Zungeru ko Minna.

Asalin wannan giɓi yana cikin manufar da ta sa aka shimfiɗa dogon. Turawan mulkin mallaka sun yi shi ne domin kwashe amfanin gona zuwa bakin teku. Layin da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, sannan aka fitar da reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, saboda auduga da gyaɗa. A nan ya tsaya. Dawa da geron da Dakarkari ke nomawa abincin gida ne, masana'antun Ingila ba sa bukatarsu, shi ya sa ba a sa ƙasar Zuru cikin lissafi ba.

Bayan samun 'yancin kai, dogo ya kai Maiduguri a 1964, an buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi. Yankinmu dai shiru. Har yau buhun hatsi da dabbobin Zuru a babbar mota suke fita, kuɗin mai da lalacewar hanya kuwa daga ribar manomi ake cire su.

Yanzu an sami ƙofa. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya bai wa jihohi ikon yin doka da gina layin dogo, abin da a da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke da hurumi a kansa. Aikin ya fi ƙarfin aljihun jiha guda, don haka ya kamata gwamnatocin Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Neja su haɗa kai: a farfaɗo da reshen Ƙauran Namoda da ya daɗe a kwance, a kuma yi nazarin layin da zai haɗa Zungeru da Kwantagora da Zuru har Birnin Kebbi. Wakilanmu a Majalisar Tarayya su ne farkon waɗanda za mu tambaya inda aka kwana.